Tangaran mai dodon Sin a kasuwannin Yamai: wanne ne na ci, wanne ne na jere

Duk wanda ya bi layin masu kayan ɗaki a Babbar Kasuwar Yamai, ko Wadata, ko Katako, ya san kayan nan: kwanoni, farantai da saitin shayi, an zana musu wata halitta mai jikin maciji, da ƙaho, da dogon gashin baki, tana bin wani ƙwallo mai ci da wuta. Masu saye suna ce musu "mai dodo", Sinawa kuma long suke kiran halittar. A kan tebur ɗaya ake jera su, da baki ɗaya ake tallarsu, amma iri huɗu ne daban-daban. Akwai farin tangaran mai shuɗin zane. Akwai saitin shayi ja ko rawaya mai ruwan zinariya, wanda ke zuwa cikin kwali mai shimfiɗar ƙyalle mai sheƙi. Akwai na roba mai kama da tangaran, wato melamin. Sai tire da langa na ƙarfe mai fenti. Mai shuɗi shi ne na cin abinci. Ja mai zinariya na jere ne, a kalla a yaba. Melamin kuwa sai da sharaɗi. Dalilin wannan rabo yana ga yadda aka ɗora zanen da irin wutar da kowanne ya sha.

Da yawa suna ja da baya don sun ɗauka hoton mugun abu ne. A tarihin Daura macijin rijiyar Kusugu hana mutane ruwa yake yi sai ranar Juma'a; long na Sinawa aikinsa akasin haka ne, shi ne mai kawo ruwan. A al'adarsu yana zaune cikin koguna da tekuna, ya hau sama ya tara gizagizai, damina ta sauka. Suna da sarakunan long huɗu, kowanne da tekunsa, gabas da yamma da kudu da arewa, kuma manoman da can sukan gina musu ɗakin bauta, idan fari ya matsa su fito roƙon ruwa. Shi ya sa a kwanon da aka zana bisa ƙa'ida za ka ga igiyoyin ruwa a gindi, gizagizai a sama, shi kuma yana tsakani. Abin ba na jiya ba ne: a 1987 an tono wani kabari a Puyang, lardin Henan, aka tarar da siffarsa an jera ta da ɓawon kifin kogi mai kwanso kusa da mamacin, aikin da ya haura shekara 6,000.

Tsofaffin littattafansu sun ce daga halittu tara aka haɗa shi: ƙahon barewa, kan raƙumi, idon zomo (wasu suka ce na aljani), wuyan maciji, cikin wata halittar teku mai kwanso, ɓawon jikin kifi, faratan gaggafa, tafin damisa, kunnen sa. Har adadin ɓawon jikinsa sun ƙayyade, 117. Babu mai tsayawa ƙirga wannan a kasuwa, amma jerin yana da amfani ga mai saye, domin zanen shi ne wuri na farko da aikin ganganci ke tona kansa. A kaya mai kyau kowane ɓawo yana fita daban, gashin baki siriri ne bai yanke ba, ido yana da baƙin ɗigo a tsakiya. A na arha ɓawon ya cakuɗe ya zama tabo ɗaya, ƙafa ta manne da gajimare. Idan kuma ka ga manyan fukafukai irin na jemage da wuta tana fita daga baki, wannan dodon tatsuniyar Turai ne, masana'anta ce ta kwaso hoton da ta samu. Long ɗin da aka saba zanawa ba ya buƙatar fiffike kafin ya tashi.

Sai farata. Mai kaya zai ɗaga kwano ya ce, "Hajiya, ƙirga ki gani, biyar ne, wannan na sarakuna ne." Rabin maganarsa gaskiya ce. Tun zamanin daular Yuan aka fara keɓe long mai farce biyar ga sarki, daular Ming (1368 zuwa 1644) da ta Qing (1644 zuwa 1912) suka ƙara tsananta dokar. Hakimai da manyan fadawa mai farce huɗu aka yarje musu, shi ma da wani suna daban, mang. A fadar Qing har launin kwano matsayi ne: rawaya ciki da waje na sarki ne da uwar sarki da uwargida, mai bi mata rawaya a waje, fari a ciki, na ƙasa da ita rawaya mai koren long, a ƙara sauka a samu shuɗi mai rawayan long, sannan kore mai long ruwan malmo. Amma sarautar ta faɗi tun 1912, yau kowace masana'anta tana buga farce biyar a kan abin da ta ga dama, don haka bai isa ya ƙara ko dala ɗaya a kan farashi ba. Amfanin ƙirgar wani ne daban. Duba ƙafafu huɗun duka. Idan uku suna da biyar ɗaya tana da huɗu ko uku da rabi, to zanen takarda ce aka liƙa, kuma a nan bakinta biyu suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya.

Haka ma tambarin gindi. Yawancin saitin ja da rawaya suna da haruffan Sinanci shida ko wani hatimi mai kusurwa huɗu a ƙasa, sau da yawa da sunan sarki Qianlong wanda ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795. Ado ne kawai, masana'antu sun daɗe suna kwaikwayonsa. Wani lokaci ma a gefen hatimin akwai rubutun boko mai cewa a Sin aka yi shi. Kada wani ya sayar maka da shi a matsayin kayan tarihi.

Ga mai neman abin kyauta, waɗanda ke tare da long a zanen su ne ke faɗin saƙon. Long tare da tsuntsuwa mai doguwar jela, fenghuang, miji da mata ke nan, asalinsa sarki da uwargidansa. Wannan shi ne na biki, kuma sau da yawa a tsakiya akwai harafin 囍, farin ciki biyu a haɗe. Shi ya dace da jeren amarya, kuma ko a can ja ne launin aure. Long biyu suna wasa da lu'ulu'u, wato ƙwallon nan mai ci da wuta, fatan arziki ne da ɗaukaka, ya fi dacewa da buɗe butiki ko sabon gida. Kifi yana tsalle sama daga ruwa kuwa labarin Longmen ne, wata matsatsiyar mashiga a Rawayan Kogi: kifin da ya iya haye ta sai ya rikiɗe ya zama long, shi ya sa Sinawa ke ba ɗalibin da zai zauna jarrabawa, wanda ɗiyarsa ta ci Bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, yana iya ba ta kofi mai wannan hoto. Kofuna shida ko takwas aka fi so, huɗu kuwa ana gudunsa a kyauta don furucinsa ya yi kusa da na mutuwa a yarensu. Wanda zai kai wa abokin aiki Basine kyauta ya kiyaye wannan. Idan kuma ka ga an buga 2024 a jikin kaya, na shekarar long ne da ta kama ranar 10 ga Fabrairu 2024. Shi ne na biyar a jerin dabbobi goma sha biyu na kalandarsu, ba zai dawo ba sai 2036. Ragowar kayan 2024 ne, hujja ce mai kyau ta neman ragi.

Yanzu ga abin da ya raba na ci da na kallo.

Shuɗin zane da sinadarin kobal ake yinsa, a kan ɗanyen kwano tun bai shiga wuta ba. Daga nan a tsoma shi cikin ruwan gilashi, a gasa gaba ɗaya a zafin da ya kai wajen digiri 1,300. Ruwan gilashin ya narke ya rufe zanen, don haka abinci ba ya taɓa launi ko kaɗan, gilashi yake taɓawa. Launuka kaɗan ne ke jure wannan wuta, kobal ne kan gaba, shi ya sa tangaran ɗin birnin Jingdezhen na lardin Jiangxi ya yi suna da fari da shuɗi. Shahararrun tuluna biyu masu ɗauke da shekarar 1351 da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan irin wannan aiki ne, long ya naɗe jikin kowanne, kuma shuɗin bai koɗe ba har yau.

Ja mai haske, ruwan lemu, rawaya da ruwan zinariya ba sa jure wannan zafi. Sai an gama gasa farin kwano, sannan a ɗora su a bisa gilashin, yawanci da takardar liƙi, a mayar wuta mai sauƙi, digiri 700 zuwa 850. Domin launin ya narke a wannan ƙaramin zafi, an daɗe ana haɗa shi da darma, ja da rawaya kuma sau da yawa daga kadmiyom ake samunsu. Darma da kadmiyom duk ƙarafa ne masu guba, kuma a waje suke, babu abin da ya shiga tsakaninsu da abinci. Tsami ne ke jiƙo su: kunun tsamiya, zoɓo, nono, miyar yakuwa, miyar tumatir, lemun tsami. Zafi da daɗewar abincin a ciki suna ƙara yawan abin da ke fita. Darma ba ta da ɗanɗano, ba ta sa ciwon ciki nan take. Taruwa take yi a jiki, ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu illa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka sani marar cutarwa. Ba kowane jan kwano ne ke da ita ba, akwai masana'antun da suka koma launi marar darma. Matsalar ita ce ido ba ya bambancewa, kuma kwalayen da ke kan teburan kasuwa ba kasafai suke zuwa da takardar gwaji ba.

A ɗakin gwaje-gwaje, ruwan tsami mai ƙarfin kashi 4 cikin 100 ake cika kwanon da shi, a bar shi awa 24, sannan a auna abin da ya fita. A gida ana iya kwatanta rabin wannan: a zuba farin ruwan kal ya rufe rabin zanen, a bar shi ya kwana, a wanke, a shanya, a gwada rabin da ya jiƙa da wanda bai jiƙa ba. In launi ya dushe ko sheƙi ya mutu, kwanon ya fita daga kayan abinci har abada. In bai canza ba, wannan bai wanke shi ba, ya dai nuna launin ba ya saurin zuba. Hanya mafi sauƙi ita ce dubawa inda adon yake. Kofin da cikinsa fari ne fes, kuma an bar tazarar kamar santimita biyu daga baki ba zane, da sauƙi. Wanda aka yi wa long a cikin tsakiya da jan launi, ko aka zagaye leɓensa da ado, a bar shi cikin kabad.

Kada kuma a ɗauka duk shuɗi lafiyayye ne, don akwai shuɗin liƙi a bisa gilashi. Farce ne ke raba gardama. Ja farcenka daga farin wuri zuwa kan zane: in santsi ɗaya ne babu tuntuɓe, a ƙarƙashi yake, in ka ji ɗan tudu ko kaushi, a sama yake. Karkata kwanon ga hasken rana, na sama za ka ga sheƙinsa ya bambanta da na sauran jiki, wani lokaci har da wani siririn zobe a kewayen hoton, sawun bakin takarda. Shuɗin ƙarƙashi gefensa yakan ɗan yi laushi kamar tawada ta sha ruwa. Mafi yawansa yanzu bugun inji ne ba aikin alƙalami ba, kuma wannan ba aibi ba ne ga mai ci. Muddin yana ƙarƙashin gilashi, buƙata ta biya.

Cikin masu shuɗin, wanda ya fi cancanta a yaba shi ne ƙaramin kwanon nan mai ƙwayoyi kamar shinkafa a jiki, da long ɗaya a naɗe a cikin gindi. Ana yawan cewa shinkafa aka manna ta ƙone a wuta. Ba haka ba ne. Huda jikin ake yi tun yana ɗanye, ruwan gilashi ya cike ramukan, bayan gashi su zama ƴan tagogi. Haska fitilar salula daga ciki: kowace ƙwaya za ta yi haske mai ɗan kore-kore, long ɗin na gindi ya fito kamar yana kwance cikin ruwa. A duba su ɗaya bayan ɗaya, don wani ramin gilashin bai cika shi ba, sai ka zuba miya ka ga tana tsattsafowa. Girmansa santimita 11 zuwa 12 ne a baki, na shinkafar mutum ɗaya ce a cin Sinawa. Ga tuwonmu ya yi kaɗan ƙwarai. Na yaji ne, ko miyar mutum ɗaya, ko dabinon buɗa-baki, ko furar yaro. Wanda ke son na dambu ko kopto ya nemi manyan, masu santimita 18 zuwa 20, su ne asali na taliya.

Bayan zane sai jikin tangaran ɗin kansa. Ɗora kwano a kan yatsu uku, kada ka riƙe bakinsa, ka ƙwanƙwasa da sulen sefa 100. Wanda ya gasu yana yin ƙara siririya mai ja, kamar ƙaramar ƙararrawa. In ya ce "kwaf" ya yi shiru, ko dai akwai tsaga da ido bai gani ba, ko wuta ba ta ishe shi ba. Kife shi ka duba zoben gindi, wurin da babu gilashi: ya kamata ya zama fari, matsattse, mai santsi. Ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya tsaya, tangaran ne na gaske. In ya shanye ya bar duhu, yumɓu ne da aka gasa a ƙaramin zafi aka yi masa farar riga. Irin wannan bayan wasu watanni gilashinsa yake yin ƙananan tsagogi kamar saƙar gizo, mai da miya su shige, ya riƙa wari ko an wanke. Zoben da ke da kaushi kuma shi ke karce na ƙasansa idan an jera su bisa juna. Ƴar takardar yashi mai laushi tana gyara shi cikin minti ɗaya. Ƙananan ramuka kamar na allura da baƙaƙen ɗige-ɗige a farin wuri alamar zaɓi na biyu ne, ba sa hana amfani amma suna rage kuɗi. Faranti a kife shi a kan gilashin tebur, in yana rawa ya karkace a wuta.

Saitin shayin ja shi ne ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma ya fi ba da kunya. Butar ba ta hawa gawayi. Tangaran ba ya rarraba zafi da sauri: gindin da ke kan garwashi ya buɗe, saman yana nan da sanyinsa, sai ka ji ƙas, ta tsage daga ƙasa. Shayinmu kuwa dafa shi ake yi a butar ƙarfe, da sukari, a yi ta juyawa tsakanin buta da kofin gilashi har kumfa ta tashi, na ɗaya, na biyu, na uku. Wannan saiti ba a yi shi don haka ba, kuma kofin da ba a ganin cikinsa ta gefe ya ɓoye kumfar da ake wahala dominta. Na jiƙo ne. In cikin butar da kofunan fari ne, ga yadda ake yi: a ɗauraye buta da ruwan ɗumi tukuna, musamman da safiyar hunturu, kada tafasasshen ruwa ya faɗa wa sanyin jiki. A sa ganye giram 3, wajen cokalin shayi ɗaya a cike, ga kowane mililita 150 na ruwa. Ruwan ya tafasa, a sauke, a bar shi buɗe kamar minti biyar ya sauko wajen digiri 80. A zuba, a rufe minti biyu zuwa uku, a juye duka kada ganyen ya zauna cikin ruwa. Ba sukari. Ganye ɗaya yana ɗaukar zubi biyu ko uku. Wannan shi ne tsarin Longjing, koren shayin Hangzhou mai faffaɗan ganye wanda sunansa ma na wata rijiyar long ne. Dunƙulallen ganyen nan na kwalin kasuwa mai lamba 3505 shi ma yana jiƙuwa haka, sai dai a fara ɗauraye shi a zubar, kuma in ya wuce minti biyu ɗaci yake yi.

Kafin a biya, a gwada butar da ruwa. Mai kaya ba ya rasa butar alwala da ruwa a gefe. Bakin zubarwa ya zo daidai da tsayin leɓen buta: in ya yi ƙasa ba za ta cika ba sai ta malalo, in ya yi sama da yawa shayi ta ƙarƙashin murfi zai fito. Murfi ya kasance da ɗan ramin iska, kuma ramin a buɗe, domin sau da yawa gilashi yana toshe shi, sai zubin ya riƙa yankewa yana fantsama. Leƙa ciki inda bakin ya haɗu da ciki, a samu ƴan ramukan tacewa. In rami ɗaya ne babba, ganye zai bi ruwa. Sai mahaɗar hannu, sama da ƙasa, a bi da farce a ji ko akwai tsaga. A nan butar arha take rabuwa, kuma da tafasasshen ruwa a ciki take yi.

Ruwan zinariyar kuwa bai kai kaurin gashi ba. Soson ƙarfe, toka, yashi da ruwan jabel duk suna cinye shi, kuma ba ya shiga na'urar ɗumama abinci don tartsatsi yake yi. Abin da ya fi kashe shi a Yamai ma ba wanki ba ne, shara ce. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, in aka goge ta da busasshen tsumma kowace safiya, kafin shekara ta zagayo long ya rasa ƙaho da gashin baki. A ɗauraye da ruwa tukuna, sannan a shafa da tsumma mai taushi, ko kuma a ajiye a kabad mai gilashi tun farko. Tabon shayi a farin ciki, cokali ɗaya na bikarbonat cikin ruwan ɗumi yana fitar da shi.

Melamin ba ya fashewa da wuri, ba shi da nauyi, ga arha, shi ya sa masu ƴaƴa da masu sayar da abinci ke rububinsa. Iyakarsa digiri 70. Kunun da aka sauke yanzu, miya daga tukunya, ƙosai daga cikin mai, duk sun wuce haka, kuma a wannan zafi robar tana sakin sinadaranta cikin abinci, tsami ya ƙara mata gudu. A gindi akan ga A5, ma'ana melamin zalla, ko A1 da A3 waɗanda aka gauraya da wata roba mai rauni. Hatimi dai kowa yana iya bugawa. Shi long ɗin takarda ce aka danne da zafi a ƙarƙashin siririn rufi, shi ya sa yake fara ɓarewa daga baki. Da zarar sheƙi ya tafi, jiki ya yi rawaya ko ya fara gari-gari a hannu, a yar. Ga dabino, gyaɗa, kilishi da cincin ba laifi.

Tire da langa ba su da dogon bayani. Gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe, in ya bugu ya ɓantale sai tsatsa ta kama. A duba baki da gindin hannu. Tiren ɗaukar kofuna ko da ya ɗan ɓantale yana aiki. Langar da cikinta ya ɓantale ta koma ta ajiyar albasa.

Akwai gidajen da ba a shigar da hoton mai rai ko a kan cokali ne, kuma malamai sun yi magana iri-iri a kan hoton da ke jikin kayan amfani. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa kafin ya saya, ba bayan an yi jere ba, balle in kyauta ce za a kai gidan surukai. Masana'antun nan dai suna yin kwanon iri ɗaya da furen bado, ko gora, ko gizagizai da igiyar ruwa zalla, ingancin bai bambanta ba.

Masu kayan, a gaskiya, ba sa hana gwaji in an nema da ladabi. "Alhaji, a buɗe mini kwalin in gani" ya isa, sai dai a nace a kan kwalin da za a tafi da shi, ba na talla da ke kan tebur ba. Abin da ba sa yi shi ne karɓar kaya bayan ya bar rumfa, kuma ba za a ga laifinsu sosai ba. Tangaran ɗin yau da kullum daga garuruwa irin su Chaozhou, Dehua da Jingdezhen yake fitowa, ya bi ta manyan kasuwannin sari na Yiwu da Guangzhou, ya yi makonni a teku. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kuma yawancin kaya ta tashar Lome suke sauka, su ratsa Burkina Faso a bayan manyan motoci. Kwali yana iya isowa lafiya a waje, a ciki kofi biyu sun tsage a ɓoye. A fito da kowane guda, a ƙwanƙwasa, a ƙirga murfi da ƙananan farantai, a nemi canji nan take.

Mai kai kayan Tawa yana da sauran tafiyar sama da kilomita 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma kwalin kyauta mai ƙyalle ba a yi shi don wannan hanya ba, kumfar cikinsa siririya ce. A cire murfin buta a naɗe shi daban. A cusa takarda cikin kowane kofi, a naɗe hannunsa. Farantai a tsaye ake jera su a kan gefensu, da kwali tsakanin kowane biyu, don in aka kwantar da su bisa juna nauyin duka a kan na ƙasa yake sauka duk lokacin da mota ta faɗa rami. A cike duk wani gurbi da tsumma har sai an girgiza kwalin ba a ji motsi ba, sannan a roƙi yaron mota ya sa shi ƙarƙashin kujera, kada ya hau saman mota inda igiya za ta matse shi da buhunan hatsi.